Yadda za ka nemi kuɗin gwamnati don binciken makamashi daga nan Kaduna

Akwai kuɗin binciken makamashi a ƙasar nan. Bai kai yadda ya kamata ba, ba ya kuma fitowa da wuri, amma akwai shi, kuma ana raba shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙannenmu malamai a manyan makarantun Kaduna da Zariya, masu kaifin basira, da yawansu ba sa nema, waɗanda suka nema kuma sukan faɗi tun a matakin farko a kan abubuwan da mako biyu ya isa a gyara su. Ni malamin injiniyan lantarki ne, na daɗe ina zama a kwamitin da ke duba takardun neman tallafi a makarantarmu kafin a tura su Abuja. Abin da zan faɗa daga abin da ya ratsa ta teburina ne. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma 'yan'uwa mata har da ku nake.

Da farko ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Babbar ƙofa ga malamin jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ko kwalejin ilimi ta gwamnati ita ce TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu. Dokar 2011 ce ta kafa ta a madadin tsohon asusun harajin ilimi na 1993, kuɗinta kuma daga harajin ribar kamfanoni yake zuwa, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100, ya kai kashi 3 a 2023. Hanyoyi biyu ne suka shafe ka. Akwai ƙaramin tallafi da ake nema ta cikin makaranta, wanda aka daɗe ana tsayar da shi a naira miliyan 2. Akwai kuma Asusun Bincike na Ƙasa, wanda malamai ke kira NRF, inda ake gasa da duk ƙasa, kuma aiki ɗaya kan iya samun har kusan naira miliyan 50. An fara wannan asusu da naira biliyan 3, a zamanin Farfesa Suleiman Bogoro aka kai shi biliyan 5 a 2019, biliyan 7.5 a 2020, biliyan 8.5 a 2021. Adadin bana da sharuɗɗan bana kuwa, ka je ofishin jami'in da ke kula da harkokin TETFund a makarantarku ka karɓi sanarwar da kanka, ka karanta ta daga farko har ƙarshe. Kada ka dogara da abin da wani ya turo a WhatsApp.

Idan aikinka ya shafi man fetur da iskar gas, ko sinadaran tace mai, akwai PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, wadda ta wanzu tun 1973, tana shirya gasar tallafin bincike, tana da kujerun farfesoshi a jami'o'i, kuma kwalejinta ta nazarin man fetur da makamashi a nan Kaduna take. Hukumar Makamashi ta Ƙasa tana da cibiyoyin bincike a jami'o'i, mafi kusa da mu a harkar hasken rana ita ce ta Sakkwato. NASENI kuma, hukumar bunƙasa kayan aikin kimiyya da injiniya, wadda aka kafa a 1992, ta fi karkata ga abin da ya kusa zama kayan sayarwa, tana ma da masana'antar haɗa farantan sola a Karshi, kusa da Abuja. Shawarata ga wanda bai taɓa samun tallafi ba: ka fara da ƙaramin na cikin makaranta. Naira miliyan 2 ba za ta gina komai ba a tsadar yau, amma za ta saya maka awon farko, kuma awon farko shi ne jarin da za ka shiga babbar gasa da shi.

Yanzu ga inda mafi yawan takardu ke mutuwa, wato zaɓen matsala.

Wani matashin malami ya taɓa kawo mini takardarsa, takenta "ƙirƙira da haɗa tsarin wutar sola don karkara". Na ce masa, "Malam, wane ne a Kasuwar Barci ko titin Ahmadu Bello ba zai iya haɗa maka wannan gobe ba in ka ba shi kuɗi?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mutanenmu suna buƙatar wuta." Gaskiya ya faɗa, suna buƙata. Amma samar da wuta ga ƙauye aikin Hukumar Wutar Karkara ne da 'yan kwangila. Asusun bincike yana biyan kuɗin gano abin da ba a riga an sani ba. Idan ka san ƙarshen aikin tun kafin ka fara, sayayya ce za ka yi, kuma masu tantancewa suna gane hakan tun a shafin farko.

Abubuwan da ba a sani ba kuwa sun kewaye mu, don fasahar da muke saye ba don ƙasarmu aka auna ta ba. Ƙarfin da aka rubuta a bayan farantin sola an auna shi ne a zafin digiri 25. A watan Maris da Afrilu a Kaduna, farantin da ke kan rufin kwano yana iya haura digiri 60, kuma farantin silikon yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane digiri da ya ƙaru. Ka lissafa, kusan kashi 14 ya tafi tun kafin ƙura ta sauka. Sai hunturu ya zo da hazonsa daga kwarin Bodele a Chadi, ya kwanta a kan gilashi, a daidai lokacin da ruwan wankewa ke wuya. Batirin ruwa kuma, wanda yawancin gidaje ke amfani da shi, rayuwarsa tana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10 na zafi, shi ya sa mutum zai sayi batir a Rigasa ko Unguwar Rimi ya ajiye a ɗakin da ba iska, kafin shekara biyu ya mutu, ya ce an sayar masa da jabu. Wani lokacin jabun ne, wani lokacin zafi ne ya cinye shi. Wane shafi za a yi wa gilashi da zai hana irin ƙurarmu mannewa, daga sinadarin da ake samu a gida? Yaya batirin litiyam ko sabon batirin sodiyam zai jure zafinmu tsawon shekaru? Waɗannan tambayoyi ne na gaske, kuma mai bincike a Jamus ba shi da hunturu a bakin ƙofarsa. Kai kana da shi.

Haka a gona. Busar da citta a rana ba sabon abu ba ne, manoman Kachia da Kwoi da Kafanchan suna yi tun kafin a haife mu. Injin busarwa na sola ma an ƙera shi sau ba adadi a ayyukan ɗalibai, ka leƙa bayan kowane sashen injiniya za ka gan su suna tsatsa. Sabon abu shi ne ajiye zafin rana a cikin wani sinadari mai narkewa da daskarewa domin busarwa ta ci gaba da dare, da kuma nuna cewa kuɗin yin hakan bai fi ribar manomi ba. Totuwar masara da ɓuntun shinkafa da ake ƙonawa a banza ana iya fitar da iskar gas daga cikinsu a tayar da janareta, amma kwaltar da ke fitowa tare da iskar tana toshe inji. Wanda ya magance wannan kwalta da abu mai araha ya yi aikin da ya cancanci kuɗin gwamnati.

Idan ka samu matsalarka, kafin ka rubuta komai ka zauna ka amsa wasu tambayoyi. Ba ni na ƙirƙire su ba. George Heilmeier, wanda ya shugabanci hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, daga 1975 zuwa 1977, shi ya riƙa yi wa duk mai neman kuɗi su. Me kake son yi, a faɗe shi ba tare da kalmomin ƙwararru ba? Yaya ake yin sa yau, kuma ina iyakar hanyar yau? Mene ne sabo a taka hanyar, kuma me ya sa kake ganin za ta yi? Wa abin ya dama, kuma in ka ci nasara me zai canja? Mene ne haɗarin? Nawa zai ci, tsawon wane lokaci? Da wane awo za a gane an ci nasara, a tsakiyar aiki da kuma ƙarshensa? Da Amurka ta kafa hukumar ARPA-E don binciken makamashi, da dokar 2007, ta kuma zuba mata dala miliyan 400 a 2009, a kan tsarin DARPA ta gina ta: a fara da gajeriyar takarda, a sa wa kowane aiki matakai masu awo, wanda ya kasa kai matakin a tsayar da kuɗinsa. Kuɗinmu bai kama ƙafar nasu ba, amma ƙwaƙwalwar farfesan da zai karanta takardarka a Abuja irin tambayoyin nan take yi, ko ya san sunan mai su ko bai sani ba.

Tambaya ta farko ita ce mafi wuya. Ni gwajin da nake sa mutane su yi shi ne su bayyana aikin da Hausa ga mahaifiyarsu ko ga wani ɗan kasuwa cikin jimla uku. Wanda ya kasa, bai gama fahimtar abin da yake nema ba, Turanci ne kawai ke rufa masa asiri.

Tambaya ta ƙarshe kuma ita ce ke raba mai samu da mai rashi. Dole takardarka ta ɗauki lamba. Kada ka rubuta "za mu inganta aikin farantin sola". Ka rubuta, a misali, cewa awonka na farko ya nuna farantin da ba a wanke ba ya rasa kaza cikin ɗari bayan mako huɗu na hunturu, kana so ka rage asarar zuwa rabi, da shafin da kuɗinsa bai wuce naira kaza a kowace murabba'in mita ba, wanda zai jure damina biyu. Da ka faɗi haka ka ba mai tantancewa abin da zai kama ka da shi, kuma wannan ne ke sa ya yarda da kai. Ka kuma faɗi matakin da fasahar take. Akwai ma'aunin matakai 9 da hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta fito da shi, daga tunani zalla a mataki na 1 zuwa kayan da ke aiki a kasuwa a mataki na 9. Ka ce daga na 3 za ka ɗauko aikin ka kai shi na 5. Wanda ya yi alƙawarin tashi daga 2 zuwa 9 cikin wata 24 da naira miliyan 30, an san bai taɓa ƙera komai ba.

NRF tana farawa da gajeriyar takardar manufa. Idan ta tsallake sai a kira ka ka rubuta cikakkiyar takarda, idan ita ma ta tsallake sai ka je ka kare ta baki da baki. Gajeriyar takardar tana da iyakar kalmomi a kowane gurbi. Kada ka ɓata su wajen ba da labarin cewa Najeriya na fama da ƙarancin wuta, wanda zai karanta shi ma da janareta ya kwana. Jimla ɗaya ta isa ka ɗaura aikinka a kan manufar gwamnati: alƙawarin da Najeriya ta ɗauka a Gilasgo a 2021 na daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, ko Tsarin Sauyin Makamashi na 2022, ko Dokar Wutar Lantarki ta 2023 da ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Sauran gurbin ka ba wa hanyar aikinka.

Batun tawaga. Sharaɗin muƙamin jagoran bincike yana cikin sanarwa, kuma sau da yawa ƙaramin malami ba zai iya jagoranta ba. Wannan ba dalilin zama ba ne. Ka nemi babba ya jagoranta, amma ka zaɓi wanda zai karanta takardar ya kuma zo taro, ba wanda sunansa kawai za ka ara ba, don shi za a tsayar a gaban kwamiti. Ana son a ga fannoni daban-daban da makarantu daban-daban. Mai aikin ƙura yana buƙatar masanin sinadarai da masanin tattalin arziki. Kuma mu a jihar nan Allah ya yi mana gata da kayan aiki a kusa. Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi da ke Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike mai ƙarfin kilowat 30, wadda ta fara aiki a 2004, ana amfani da ita wajen tantance sinadaran da ke cikin samfuri. Akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa. Ka je ka tambayi kuɗin gwajin samfuri ɗaya, ka karɓo a rubuce, ka nemi wasiƙar amincewa cewa za su yi maka aikin. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Ka kuma shiga Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, tun kafin ka rubuta kasafi. Na fi nanata wannan fiye da komai ga masu ƙera inji. Ka ɗauki zanenka ka kai wa maigidan walda da ya shekara talatin yana lanƙwasa ƙarfe, ka ce, "Baba, in an ce ka yi wannan guda hamsin, ina zai ba ka wahala?" Zai nuna maka kaurin ƙarfen da babu shi a kasuwa, da haɗin da zai ɓalle in ya sha zafi, da inda za a rage kuɗi. Ka sa sunan shagonsa ko ƙungiyarsu a matsayin abokan aiki, ka kuma ware musu haƙƙinsu a kasafi. Tambayar "wa zai ƙera shi bayan kun gama?" tana zuwa a wajen karewa, kuma malami kaɗan ne ke da amsarta.

Kasafi shi ne wurin da ake gane gaskiyar mutum. Kowane layi ya koma ga wani mataki na aikin. Na'urar awon ƙarfin hasken rana, na'urar ajiye awo, ma'aunin zafi, kuɗin gwajin samfuri, alawus ɗin ɗaliban digiri na biyu da na uku da za su kwana a kan aikin, duk waɗannan suna da hujja. Kwamfuta huɗu, firinta biyu da tafiya taro ƙasar waje a aikin da bai fara ba, su ne ke sa a ja jan biro. Ka karɓi takardar farashi daga masu sayarwa, ka rubuta ranar da aka ba ka. Ka tuna a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, waɗanda suka yi kasafi kafin canjin suka karɓi kuɗi bayansa sun ga tasku. Saboda haka ka rage abin da sai an shigo da shi daga waje iya ƙoƙarinka, ka tsara sayen sa a kashin farko na kuɗi, ka kuma rubuta abin da za ka koma kansa in farashi ya tashi. Kar ka manta da wutar ɗakin gwajin kansa. Gwajin batir na awa 500 ba ya yiwuwa a wutar da ake ɗaukewa, don haka inbata da batirin da za su riƙe na'urorinka su shiga kasafi, tare da bayanin dalili.

Ranar karewa, minti kaɗan za a ba ku. Ka buɗe da matsalar da lambarta, ka nuna awon da ka riga ka yi, ka faɗi haɗarin da bakinka kafin a tambaye ka. In kana da ƙaramin samfuri da zai shiga jaka, ka tafi da shi.

In Allah ya sa aka dace, kuɗin ba aljihunka zai shiga ba, ta asusun makaranta zai bi, kuma kashi-kashi ake sakin sa. Kashi na gaba ba ya fita sai ka kawo rahoton ci gaba da bahasin abin da ka kashe. Tun ranar farko ka buɗe fayil, kowane rasit ya shiga, ko na ƙusa ne. Ka je ka gaisa da mutanen ofishin ma'aji da masu binciken kuɗi, ka tambaye su yadda suke son takardu tun kafin ka kashe sisi, ka kuma san ƙa'idar dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 don kada sayen na'ura ɗaya ya cinye maka wata shida. Malamin da ya karɓi kashin farko ya yi shiru ba kansa kaɗai ya cuta ba, yana iya jawo wa na bayansa a makarantar cikas, kuma na ga yadda hakan ke kashe wa matasa gwiwa. Kuɗin nan haraji ne, amana ce.

Ka riƙe littafin gwaji mai kwanan wata, ka rubuta har abin da bai yi ba. Shafin da ka yi wa gilashi da ya ɓare bayan ruwan farko sakamako ne, ka sa shi a rahoto. Idan kuma ka gano abin da za a iya sayarwa, kada ka buga shi a mujalla ko ka baje shi a taro sai ka shigar da neman takardar mallakar fasaha, don bayyana shi a fili kafin nema na iya ɓata maka haƙƙin. Hukumar NOTAP, mai kula da sayo fasaha da bunƙasa ta, tana taimaka wa masu bincike da wannan, kuma manyan makarantu da dama suna da ofishin da ke haɗa ka da ita.

Wanda ba malamin makarantar gwamnati ba, ko injiniya mai zaman kansa ko maƙeri, TETFund ba za ta ba shi kai tsaye ba. Hanyarsa ita ce ya shiga tawagar malamai a matsayin abokin aiki daga masana'anta, da yarjejeniya a rubuce kan wa ke da me in abin ya yi kyau.

Idan an ƙi takardarka, ka nemi sharhin masu tantancewa in ana bayarwa, ka gyara, ka sake turawa a zagaye na gaba. Kafin nan ka duba kalanda. Hunturu sau ɗaya yake zuwa a shekara, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, girbin citta da busar da ita ma a wannan tsakanin suke. Faranti biyu iri ɗaya a kan rufin sashenku, ɗaya ana goge shi kullum da safe, ɗaya an bar shi, da na'urar awo biyu da ɗalibi mai rubuta awo da ƙarfe goma sha biyu na rana, ba sa buƙatar tallafin kowa. Ka kafa su a Oktoba, zuwa Maris kana da awon hunturu na wata huɗu da za ka sa a shafin farko na takardarka.